Toka ba taki ba ce kaɗai: abin da wutar daji ta kowace shekara take ci a ɓoye

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ta dajin Falgore a watan Disamba ko Janairu, musamman da daddare, ya san abin da zan faɗa. Zaka hango wuta ta yi layi a jikin tsauni kamar an ja jan zare, babu kowa a wajen, tana ta cin abinta. Da rana kuma shirwa ce ke shawagi a saman hayaƙin tana cafke fara da ƙananan ɓeraye masu gudun ceton rai, washegari ƙasa ta yi baƙi ƙirin, kututture na ta turnuƙa har kwana uku. Mun saba da ganin wannan har ya daina zama labari a wajenmu, an ɗauke shi kamar hazo ko sanyin hunturu, wai abu ne da lokacinsa ya zo. To ni dai abin ya daɗe yana damuna, kuma ba wutar rana ɗaya ce ke damuna ba, maimaita ta ne a wuri ɗaya shekara bayan shekara, kuma a mafi munin lokaci.

Kafin a zagi kowa ya kamata a san cewa duk mai kunna wutar nan yana da dalilinsa. Samari masu farauta da karnuka da gora suna so gafiya da zomo da gyazbi su fito fili. Makiyayi ya san idan busasshiyar ciyawa ta ƙone, saiwar gamba za ta fitar da ɗanyen toho cikin 'yan kwanaki, shanunsa su samu kore a tsakiyar rani. Mai cin zuma yana korar ƙudan da wuta sai ya bar bakin wutar a gindin bishiya ya tafi. Manomi kuma idan bazara ta matso yana so ya share gona cikin sauri, ba shi da kuɗin ƙwadago, ga tsoron maciji, ashana ɗaya ta yi masa aikin mutum goma. Sai masu gawayi, sai wanda ya wurgar da guntun taba daga tagar mota. Babu ɗayansu da ya tashi da niyyar kashe ƙasa, amma idan ka haɗa su gaba ɗaya a daji ɗaya na tsawon shekara talatin, abin da ake samu kenan.

Akwai ƙanin mahaifina da ke noma a ƙauyenmu, shekarun baya na same shi a gona wajen ƙarshen Afrilu ya tattara karan dawa da ganye da duk wani yayi ya yi tsibi-tsibi yana bin su da wuta. Na ce masa, Baffa, da an bar wannan ya ruɓe a gonar ai da ya fi. Ya dube ni ya ce, kai yaro, toka ai taki ce, je ka duba inda na ƙona bara ka ga yadda dawar wajen ta fi sauran tsayi. Kuma wallahi ba ƙarya ya yi ba, na gani da idona, daidai da'irar da aka ƙona shukar ta fi kore. Wannan shi ne abin da ke sa maganar take da wuyar fahimtarwa, domin tokar tana da amfani na gaske. A cikinta akwai fotash da sauran gishirin ƙasa, iyayenmu mata ma sun san haka tunda da ita suke tace ruwan toka na miya, kuma shuka tana samun su nan take ba sai ta jira ruɓewa ba. Abin da ido ba ya gani shi ne abin da ya bi hayaƙi ya tafi. Sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke sa ganye ya yi kore shar, ba ya jure zafi, da zarar wuta ta kama ganye mafi yawansa sama yake yi. Wannan naitirojin ɗin shi ne dai wanda muke bin layi muna saye a buhun Yuriya, kashi 46 cikin 100 na abin da ke cikin buhun shi ne. Kenan mutum ya ƙone na gonarsa kyauta a Afrilu, ya je ya ci bashi ya sayo na kamfani a Yuli. Ita kanta tokar ma idan a daji ne aka ƙona tun Janairu, kafin ruwa ya sauka iskar hunturu da guguwar bazara sun kwashe rabonsu.

Amma babbar asarar ba ta sinadari ɗaya ba ce, ta jikin ƙasar ce kanta. Ganye da kara da kashin dabbobi idan suka ruɓe su ne ke zama wannan baƙar ƙasa mai laushi da ke riƙe ruwa kamar soso, su ne abincin tana da gara da ƙananan halittun da ba a gani. Mu mun ɗauki gara a matsayin abokiyar gaba saboda tana cin azara da rumbu, amma a gona ita ce ke huda ƙasa ruwa ya samu hanyar shiga, shi ya sa manoman Nijar masu haƙa tassa da na Burkina Faso masu zayi suke zuba taki a ramin da gangan don ya jawo ta. Idan kowace shekara aka ƙone abincinta, ƙasa sai ta zauna tsirara wata huɗu ko biyar rana na dukanta, sannan ruwan farko ya zo da ƙarfinsa da iskarsa ya faɗo kai tsaye, babu ko ganye ɗaya da zai tare ɗigon. Saman ƙasar ya daskare ya zama fako, ruwa ya daina shiga sai gudu, ya tafi da ƙasar sama mai albarka, ƙaramar hanyar ruwa ta bana ta zama kwazazzabon da zai raba gona biyu nan da shekara goma.

Masana sun auna wannan. A 2018 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da ya tattara bayanai daga wurare 48 a sassan duniya inda aka daɗe ana gwada ƙona fili da hana ƙona shi. A dazuzzukan ciyawa irin namu da masu faffaɗan ganye, filin da ake yawan ƙonawa bayan shekara 64 ya yi ƙasa da wanda aka kare da kashi 36 cikin 100 na kabon ɗin ƙasa, wato sinadarin da ke cikin baƙar ƙasar nan mai laushi, da kashi 38 cikin 100 na naitirojin. Ka lura da tsawon shekarun. Ba abu ne da mutum zai gani tsakanin damina biyu ba, shi ya sa Baffa yake ganin da'irar kore ta bara amma ba ya haɗa wutar da ƙorafin da shi da kansa yake yi kullum cewa gonar da mahaifinsu ke cika rumbu da ita ba tare da takin zamani ba yanzu in ba a zuba buhu ba ko irin ba ta mayarwa.

Sai maganar itatuwa, kuma nan ne lokacin kunna wutar ya fi komai muhimmanci. A 1936 wani masanin daji Bafaranshe mai suna Andre Aubreville ya ware filaye uku a Kokondekro kusa da Buwake a ƙasar Kodebuwa. Ɗaya aka hana wuta shiga kwata-kwata, ɗaya ana ƙona shi da wuri a Disamba lokacin ciyawa ba ta gama bushewa ba, na ukun kuma sai a Maris lokacin komai ya bushe ƙayau. Aka ci gaba da haka shekaru da dama. Wanda aka kare ya rikiɗe ya zama kurmi, wanda ake ƙonawa da wuri ya ci gaba da riƙe itatuwansa da yawa, na Maris ɗin kuwa itatuwa suka yi ta mutuwa ya koma filin ciyawa da 'yan tsirarun bishiyoyi. Ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, bambancin wata uku ne kawai a ranar ƙyasta ashana. Dalilin a fili yake, wutar farkon rani sanyi-sanyi take ci, tana tsallake wurare masu danshi, da dare raɓa ta kashe ta. Wutar Fabrairu da Maris kuwa ga busasshiyar ciyawa ta kai kan mutum ga iska, harshenta na kaiwa rassan bishiya, kuma ba ta tsayawa sai ta ci karo da kogi ko titi.

Mu kuma yawancin wutarmu ta farauta da ta sakaci a wannan mugun lokacin take tashi. Babbar kaɗanya mai kaurin ɓawo za ta iya tsira, amma 'yar ƙaramar da ta tsiro bara ba za ta tsira ba, kuma kaɗanya tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Ka shiga dajin da ake ƙonawa duk shekara ka duba da kyau, zaka ga manyan bishiyoyi jefi-jefi, zaka ga sabara da kalgo da suke sake tohowa daga saiwa duk yadda aka ƙone su, amma matasan itatuwa masu kaurin hannu ko cinya da ya kamata su gaji manyan babu su. Ranar da mai gawayi ya sare babbar ko iska ta kayar da ita shikenan an rufe babin. Ga shi kuma kaɗanya da ɗorawa duk a rani suke fure, wuta ta bi ta ƙarƙashin ɗorawa lokacin da tutu ya fito, ta babbake shi, ta kori ƙudan zumar da ke haɗa furen, bana babu kalwa kenan. Wanda ya kunna wutar ya samu gafiya biyu ya tafi, asarar kuma ta faɗa kan matar da da kuɗin daddawa da man kaɗe take sayen sabulu da littafin yara, kuma babu wanda zai ce ya biya ta.

Ciyawar ma canzawa take. Inda ake yawan ƙonawa a makare ana kuma kiwo a kan tohon ba hutu, gamba da ake zana da ita tana ja baya, tofa wadda saiwarta ke can ƙarƙashin ƙasa wuta ba ta isa gare ta sai ta mamaye, manomi ya san wahalar tofa a gona. Idan ka ƙara yin arewa zuwa Sahel kuwa lissafin ya sha bamban gaba ɗaya, domin ciyawar can irin su ƙarangiya shekara ɗaya take yi ta zubar da iri ta mutu, ba ta da saiwar da za ta yi toho bayan wuta. Abin da ya tsiro a damina shi ne rumbun dabbobi har wata daminar, wuta ɗaya ta cinye shi babu wani sai Yuli. Shi ya sa a yankunan makiyaya na Nijar kamar Abalak da Cintabaraden a jihar Tawa ake fitar da mutane bayan damina su share dogayen hanyoyi a cikin daji don su tare wuta, kuma shekarar da aka yi ruwa mai kyau ciyawa ta yi yawa ita ce shekarar da aka fi fargaba. Garken da makiyayarsa ta ƙone dole ya tashi ya yi kudu kafin lokaci, wani sa'in manoma ba su gama kwashe amfani ba, sauran labarin kowa ya san shi.

To ina maganar sauyin yanayi? Nan ina so a yi adalci saboda ana yawan cakuɗa ta. Hotunan tauraron ɗan adam sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na duk faɗin ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka yake, wannan gaskiya ne. Amma hayaƙin ciyawa ba ɗaya yake da hayaƙin fetur ko kwal ba. Iskar kabon da ciyawa ta saki da ta ƙone a Janairu, sabuwar ciyawar da za ta fito a damina za ta sake zuƙe kusan kwatankwacinta, abin zagayawa yake. Shi fetur kabon ne da ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa miliyoyin shekaru aka tono shi aka ƙara a sama, kuma a wannan ɓangaren duk Afirka gaba ɗayanta ba ta wuce wajen kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba. Don haka kar wani ya ɗora wa ɗan farautar gafiya laifin narkewar ƙanƙarar duniya.

Sai dai zagayen nan yana cika ne kawai idan abin da ya ƙone ya dawo yadda yake. Bishiyar da ta mutu ba a maye gurbinta ba, da baƙar ƙasar da ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, kabon ɗinsu ya tafi sama kuma babu abin da zai dawo da shi. Bayan haka wuta ba kabon kaɗai take fitarwa ba, akwai iskar metan, irin wadda ke fita daga tumbin shanu da ruɓaɓɓen juji, wadda a cikin shekara 20 ta fi iskar kabon riƙe zafi wajen sau 80, akwai iskar naitiros oksaid da ta fi iskar kabon sau 270 da wani abu a cikin shekara 100, ga baƙin ƙunar hayaƙi da ke shawagi yana zuƙar zafin rana. Waɗannan ciyawar damina ba ta shanye su. Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma shi ne na kusa, wanda ba sai an kawo na'ura ba, ka tsaya a ƙarƙashin gawo ko tsamiya da azahar a watan Afrilu sannan ka taka ƙonannen fili ka ji bambanci a tafin ƙafarka. Duniya tana ƙara zafi, ruwa yana zuwa a rikice, wani lokaci ya yi yawa a rana ɗaya wani lokaci ya ɗauke sati uku a tsakiyar damina, abin da zai taimaki manomi ya jure wannan shi ne inuwa da ƙasa mai riƙe danshi, su ne kuma daidai abin da wutar ke ci. Mutanen Gana sun ga ƙarshen wannan a 1983 lokacin da fari ya haɗu da wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci aka shiga yunwa, a shekarar da Najeriya ta kori 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka koma gida, har yau dattawan zango a Kumasi da Tamale suna tuna shekarar.

Ga lafiya kuma, hayaƙin yana zuwa ne daidai lokacin da ƙurar hunturu mai tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta cika sama, masu asma da tsofaffi da jarirai su ke shan wahalar. Hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya, NCDC, ma tana yawan jan kunne cewa ƙona daji yana koro ɓeraye zuwa cikin gidaje, ga shi zazzaɓin Lassa da ɓeraye ke yaɗawa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno a 1969, a rani ya fi tashi.

Doka kam akwai ta. Tun 2011 Najeriya take da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙone-ƙone a fili ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, Gana ta yi tata dokar a 1990. Amma wa zai kama wa a dajin da ko hanyar mota babu, kuma wa zai tona ɗan maƙwabcinsa? Ni ina ganin ma cewa a hana wuta kwata-kwata kuskure ne a irin dajinmu na ciyawa, domin idan ciyawa ta taru shekara biyu uku ba a taɓa ta ba, ranar da ta kama a Maris ɓarnar sai ta ninka. Abin da ya yi aiki a wasu wurare shi ne a riga muguwar wutar da mai sauƙi. A arewacin Ostireliya, a yankin Arnhem, tun 2006 'yan asalin ƙasar suka koma tsarin kakanninsu na ƙona daji tsibi-tsibi a farkon rani don kar babbar wutar ƙarshen rani ta samu abin ci, hayaƙin da ake fitarwa ya ragu har ana biyansu kuɗi a kan ragin. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wajenmu, tsofaffin makiyaya da mafarauta sun san bambancin wutar kaka da ta bazara, kuma a da ba kowane yaro ne zai tashi ya cinna wa daji wuta ba tare da sanin sarkin dawa ko mai gari ba. Wannan ikon ne ya raunana, ba a kuma maye gurbinsa da komai ba sai takarda a ofis.

Ɗaya abin da na lura da shi, mutum ba ya ƙona abin da yake ganin nasa ne kuma kuɗi ne. A kewayen Kano wa zai ƙona harawa ko karan dawa alhali ga masu kiwo na saye dami-dami? A jihohin Maradi da Damagaram, inda a da dokar daji ta mai da bishiya mallakar gwamnati manomi na ganinta a matsayin jan magana, tun daga wajen 1983 aka fara abin da suke kira sassaben zamani, wato maimakon a sassabe duk tohon kututture a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma. Da mutane suka tabbata itacen nasu ne, sai ga kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo da bishiyoyi wajen miliyan 200, ba tare da an dasa su daga gandun reno ba. Manomin da ke da gawo arba'in a gonarsa shi ne farkon wanda zai fito da ɗanyen reshe ya kashe wuta in ta doso. Jihohinmu 11 da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada, daga Kebbi da Sakkwato har Borno da Adamawa, ana ta dasa itatuwa kowace damina, amma dashen da ba a share masa hanyar tare wuta ba, ba a kuma ce ga mai shi ba, wutar Fabrairu ɗaya ta ishe shi.

Baffa dai daga baya ya yarda ya gwada, ba don maganata ba, don tsadar taki ce ta kai shi bango. Ya bar kara da ganye a kwance a rabin gonar, ya kuma bar tohon gawo da kalgo guda goma sha ya ɗaure musu tsumma don kar masu noma su sare. Shekara biyu abin na tafiya, wajen ya fara laushi har ya ce in zo in ga tana, sai a rani na uku wasu samari 'yan farauta daga wani ƙauye suka cinna wuta a fadamar da ke gabas da shi, iska ta kwaso ta ta bi ta gonar, 'yan bishiyoyin nan guda huɗu ne suka rayu. Ranar da na je na same shi zaune a bakin gonar ya ce min, ɗana, kaga abin da nake gaya maka, in ni ban ƙona ba wani zai ƙona min. Ban samu abin ce masa ba. Da kaka ta zagayo shi da maƙwabtan gonarsa uku suka je wajen mai unguwa, aka sa rana a watan Nuwamba suka fito da fartanya da manjagara suka share fili mai faɗin taku goma a gefen fadamar tun daga bakin rafi har hanyar shanu, suka ƙone ciyawar cikin layin da yamma lis suna tsaye a kanta da ɗanyun rassa, aka kuma aika wa arɗon rugar da ke kusa da shugaban 'yan farauta cewa ga iyaka. Guda huɗun nan yanzu sun fi Baffa tsayi, ya kuma sake ɗaura wa wasu sababbi tsumma.